Kayan Bakin Gado: Wata Kafa ta Tarihin Talakawan Ikara da Makarfi da Kudan

A rubutun boko kalmar "gado" fuska biyu gare ta. In an gajarta wasalin farko, ana nufin abin da ake kwanciya a kai. In an ja shi, ana nufin abin da mamaci ya bari a raba wa magada. Mai magana ba ya rikita su, domin kunne yana jin bambancin, amma a takarda kamarsu ɗaya, tun da ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna tsawon wasali. Wannan lacca ta tsaya ne a inda kalmomin biyu suka haɗu, watau 'yan kayayyakin da mutum yake ajiyewa kusa da makwancinsa yana raye, waɗanda kuma su ake fara tattarawa ranar da ya kwanta dama.

Dalilin ɗaukar ƙaramin abu irin wannan a yi masa lacca guda shi ne ƙarancin madogara. Tarihin ƙasar Zazzau, kamar yadda aka rubuta shi, galibinsa tarihin birnin Zariya ne da gidajen sarautarsa: wa ya hau, wa aka tuɓe, shekara nawa ya yi. Garuruwan arewacin ƙasar, irin su Ikara da Paki da Auchan, da Makarfi da Gimi da Gazara, da Kudan da Hunkuyi da Likoro, ba a cika jin sunansu ba sai in runduna ta bi ta kansu, ko an tura musu hakimi, ko an zo ƙidayar haraji. Turawan da suka ratsa daga Zariya zuwa Kano, kamar Clapperton a 1826 da Staudinger a 1885, abin da idonsu ya fi kamawa shi ne ganuwa da kasuwa da gonaki da ayarin fatake. Ba abin mamaki ba ne, gama baƙo namiji iyakarsa zaure. Manomin rake na Makarfi da matarsa mai kaɗi ba su bar littafi ba. Kaya suka bari, a cikin kayan nan kuwa babu waɗanda suka kai na bakin gado kusanci da mai su. Sai dai kaya shaidu ne, kuma kamar kowane shaida, akwai mai faɗin abin da ya gani, akwai wanda aka kitsa wa abin da zai faɗa. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya rarrabe su.

Kafin a leƙa ɗaki sai a tuna da fasalin gidan. Daga zaure a shiga ƙofar gida, inda samari da baƙi suke kwana, daga nan a bi ta shigifa a faɗa cikin gida. Kowace matar aure da ɗakinta, ko kago ne, ko tafarfara, ko adada, ko soro in akwai hali. Maigida mai wadata yana da turaka, inda mai girki take zuwa ta same shi. Amma mafi yawan magidantan ƙauye ba su da turaka. Bin ɗakunan matansu suke yi bisa ga rabon kwana. Wannan ya haifar da wani abu da ba a cika lura da shi ba, watau a gidan talaka gadon na mace ne. Iyayenta suka kawo shi ranar jere, in kuma aure ya mutu da shi za ta fita. Namiji, in an bi diddigi, baƙo ne a kan gadon da yake kwana. Saboda haka kayan bakin gadonsa ba su da mazauni ɗaya, 'yan abubuwa ne marasa nauyi da zai iya ɗauka daga ɗakin uwargida zuwa na amarya bayan kwana biyu, a aljihun riga ko a burgami. Na mace kuwa a kafe suke, suna ƙaruwa ko suna raguwa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai yi wa ɗakin Bahaushe karatun ɗakin Bature, inda mata da miji suke da gado ɗaya da ɗan teburi a kowane gefe.

A ƙarni na 19, magidancin da ya kwanta a Paki ko Hunkuyi, abin da hannunsa zai fara taɓawa in ya farka cikin duhu makami ne: takobi ga mai shi, ko mashi a jingine, ko kwari da baka a rataye, ko dai aƙalla wuƙa da gora. Kusa da su akwai ƙyastu, da buta ta duma ko ta ƙasa, da buzu, da carbi, da layu da guru, wasu ya kwance su daga jiki, wasu da su ya kwana. Fitilar man gyaɗa ko man kaɗe ba a barinta tana ci har safe, don mai tsada gare shi. Makamin nan buƙata ce ta ajiye shi a wurin. A rabin ƙarshe na ƙarnin Ningawa sun addabi kudancin Kano da ƙasar Zazzau da hari, ga kuma masu satar mutane su sayar. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta girma ne a Karo da Zarewa, a bakin iyakar Kano da Zazzau, ba nisa da wannan yanki. Ta ba da labarin yadda mahara suka faɗa wa danginta suka kwashi mata da yara, sai da aka tara wuri mai yawa aka fanso su. Mutumin da ya san haka na iya faɗo masa ba zai bar mashinsa a zaure ba.

Malami shi ma da nasa. A rataye a kansa akwai gafaka, a cikinta Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, da ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da Risala ga wanda ya yi nisa, da Ishiriniya ko Dala'ilu na karatun dare. Jerin sunayen littattafan nan ba ya gaya wa mai bincike abu mai yawa, domin kusan kowane malami iri ɗaya yake da su, wasu ma gadonsu ya yi bai taɓa buɗewa ba. Abin dubawa shi ne gefen takardun. Inda ya yi baƙi da zufar yatsa, nan mai littafin ya yi ta komawa. Inda ya tsaya fari, nan karatunsa ya tsaya. A bayan warƙar ƙarshe kuma sau da yawa akan tarar an rubuta ranar haihuwar ɗa, ko rasuwar mahaifi, ko bashin da ake bin wani, ko laƙanin kunama. Littafi ɗaya mai irin wannan datti ya fi goma masu tsabta amfani ga tarihi.

Bayan Turawa sun kafa mulki a Zariya a 1902, sun ci Kano a 1903, hari ya ɗauke, aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi. Mashi ya koma bayan rumbu, sannu a hankali wani abu mara nauyi ya maye gurbinsa a ƙarƙashin matashi, watau takardar haraji. Mutumin da bai iya karanta ko harafi ɗaya na abin da ke cikinta ba yakan naɗe ta ya sa a batta ko a ɗan gwangwani, wani ma ya ɗinke ta a fata kamar laya. A gaskiya aikin laya take yi, domin ita ke tsare shi daga dogari da ɗan doka a kasuwa ko a kan hanyar cin rani. Tsoron dare bai gushe ba, mai kawo shi ne ya sake. A shekarun 1950 wata takardar ta zo ta kwanta kusa da ita, katin jam'iyya. Wanda ya yanki na NPC ba shi da dalilin ɓoyewa. Wanda ya yanki na NEPU, wadda aka kafa a 1950, a garin da dagaci da alƙali da ɗan doka duk na En'e ne, ya san inda zai tura nasa. Katin da aka samu a ƙarƙashin tabarma da wanda aka samu a manne a bango ba labari ɗaya suke bayarwa ba, ko da a ce shekara ɗaya aka yanke su. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, kuma ko da yake daga baya kuɗin sun sake ɓullowa da wasu sunaye, takardar ba ta ƙara samun waccan daraja ba.

Ɗakin mace shi ne inda zancen ya fi yalwa, shi ne kuma inda mai bincike ya fi saurin ruɗuwa. Abin da ido yake fara gani shi ne jere. A da can ƙorai ne, farare ƙal, wasu da zane, an ɗora su bisa juna an rataye a ragaya, ko an jera su daura da gado tare da akusa da faya-fayai da tukwane. Masu hali suna ƙarawa da tasoshi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyarsa ta bi ta Likoro da Gimi, kuɗin gyaɗa da na auduga suka fara shiga hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwara suka cika da kayan ƙetare. Daga nan aka shiga zamanin langa da fanteka da kwalla masu fenti, waɗanda aka riƙa kawowa daga Turai da Hongkong kafin a kafa masana'antunsu a Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu gadon ƙarfe mai rumfa ya zama burin kowace uwar amarya. A ɗora masa katifun audugar rimi har sai an taka wani abu kafin a hau, a jera kwanoni a ƙarƙashinsa da kewayensa, daga bisani kuma a cikin kabad mai gilashi.

Jere magana ce da aka shirya don 'yan kallo. Ranar da aka kai amarya mata sukan shigo su ƙirga da ido, su koma gida su ba da labari. Abin da jeren yake faɗi ƙarfin uwar amarya ne da yawan ƙawayen bikinta: shekara nawa yarinya ta yi tana talla ana tara ribar, adashi nawa uwar ta zuba, gudummawa nawa aka mayar mata daga wadda ta sha kaiwa. Halin ita amaryar ba ya ciki. Barbara Cooper, wadda ta yi nazarin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna yadda komawa daga kayan da ake samarwa a gida zuwa kayan saye ya sake ma'anar kayan ɗaki, har suka zama ma'aunin kuɗin da mata suke iya tarawa. Abin da ta gani a can bai bambanta da na ƙasar Zazzau ba. Tun da kuwa jere magana ce, tana iya zama ƙarya. Kowa ya san kayan aro, waɗanda ake cika ɗaki da su kwana bakwai, biki na watsewa masu su su aiko a karɓa. Hoton ɗakin amarya ba ya zama hujja. Hujja tana ɗakin nan bayan shekara goma: me ya rage, me ya tafi, wace buƙata ce ta tafi da shi.

Amma kuskure ne a ɗauki jere a kan alfahari kawai, kamar yadda wasu masu wa'azi da wasu 'yan boko suka sha yi, suna cewa ɓarnar dukiya ce a tara kwanon da ba a cin tuwo a ciki. Kwanon da ba a ci a ciki ba ai shi ne yake riƙe kuɗinsa. Matar da take cikin kulle, wadda ba ta zuwa banki, wadda kuma sau da yawa gonar da ta gada tana hannun 'yan'uwanta maza, kwalla ita ce ajiyarta. In damina ta yi nisa hatsi ya ƙare a rumbu, ko yaro ya kwanta ciwo, ko miji ya rasa kuɗin haraji, sai a zare ɗaya daga jere a ba dillaliya. In 'ya ta isa aure, wani kaso na kayan ɗakinta daga na uwarta zai fito. Shari'a ma ta tsaya mata a nan. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar da Tuhufa, littattafan da alƙalan ƙasar nan suka saba hukunci da su, in mata da miji suka yi jayayya a kan kayan gida babu shaidu, abin da aka saba ganinsa na mata ne ana bar wa matar bayan ta yi rantsuwa, sauran kuma a bar wa mijin da tasa rantsuwar. Haka nan in miji ya mutu, sai an ware kayan ɗakin matar tukuna kafin a fara lissafi, domin ba sa cikin abin da ya bari. Tumuninta, ko rubu'i in babu 'ya'ya, daban yake. Watau abin da ke tsakanin gadon nan da bango, in an haɗa da 'yan awakinta, shi ne dukiyar da babu mai ja da ita a kanta a duk faɗin gidan.

Shaidar da ta fi gaskiya tana ƙasa da jere, a inda hannu yake kaiwa ba sai an tashi ba. A nan ake samun taskira da auduga a ciki, da mazari, da alli na shafa wa yatsa, da tandun kwalli, da madubi, da kaskon turare, da asusu ko ƙullin tsumma mai kuɗin adashi. Su ba a goge su don baƙi. Santsin da ke jikinsu na aiki ne. Mazari musamman ya cancanci a tsaya a kansa. M. G. Smith, mijin Mary, wanda ya binciki tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a shekarun nan guda, ya lura cewa kulle ya yaɗu a karkara ne bayan an hana bauta, domin a idon mata noma aikin bayi ne, wadda duk ta sami 'yanci sai ta janye daga gare shi. To, da mace ta bar gona, ɗaki ya zama ma'aikatarta. Zaren da ta kaɗa da hantsi da bayan lisha shi masaƙa suke saye, daga wurinsu ya tafi karofi, daga karofi ya shiga ayari. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya, zaren inji da yadin kanti suka yi araha, mazari ya fara ɓacewa daga bakin gado. Kayan wata sana'ar suka zauna a wurinsa: allura da zaren ɗinkin hula, ko kwanon ƙuli-ƙuli da na alewa da ake rufewa da dare kafin 'yar talla ta ɗauka da safe, ko keken ɗinki ga wadda Allah ya hore wa. In ana son a gwada wannan bayani, sai a duba ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Ikara, inda mata ba sa kulle, suna noman gayaunarsu. A can fartanya ce a ƙofar ɗaki, dukiyar mace kuma ta fi zama a rumbunta. A gidajen da suka karɓi Kiristanci a cikinsu, Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi ya kama wurin da gafaka take kamawa a gidan Musulmi.

Shi kansa gadon yana da abin faɗi. Kafin na ƙarfe akwai na kara da na tukurwa, akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa da kogo a ƙarƙashi don a zuba garwashi. Tsofaffi da masu jego suka fi amfani da shi. Mai jego takan yi wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, ta sha kunun kanwa, ta kwanta bisa gado mai wuta, duk don korar sanyi, wanda Bahaushe ya ɗauka shi ne babban abokin gabar mai haihuwa. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 da suka zo da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun danganta yawan ciwon a ƙasar Zariya da haɗuwar zafin nan da gishirin da ke cikin kanwa. Kasko da ƙullin kanwa a gefen gadon mai jego alama ce ta cewa tana da uwa ko kaka da ke kula da ita. Sai dai kulawar ta zo da lahanin da masu yinta ba su da hanyar gani.

Tun da yawancin masu sauraron lacca irin wannan ɗalibai ne da ma'aikata, bai kamata a tsallake ɗakin ma'aikaci ba. Malamin makaranta ko malamin gona ko malamin asibiti da En'e ta tura Ikara ko Makarfi a shekarun 1950 yana cikin mutanen farko a garin da suka kwana da agogo a kansu. Sauran jama'a zakara da ladan ke tashinsu. Agogon tebur mai ƙararrawa yana nuna mutumin da ya sayar da safiyarsa, akwai wanda zai tuhume shi in ya makara. Kusa da agogon akwai fitilar ƙwai, da tocila, da gidan sauro, da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, da 'yan littattafan NORLA na zamanin Yaƙi da Jahilci. Shi kuma, ba kamar manomi ba, gadonsa nasa ne, ɗan ƙaramin na ƙarfe da za a iya kwancewa a jefa a mota, saboda takardar canjin wurin aiki tana iya zuwa ko yaushe.

Rediyo ce ta rushe wannan bambanci. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, akwatin rediyo mai batir kuma ya yi ta araha, har a shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji sun watsu a kasuwa a 1975, ya kai bakin gadon manomi da na malami da na matar kulle, wadda ta riƙa jin Zaɓi Sonka da Jakar Magori tana aikinta. Daga lokacin mallakar rediyo ta daina nuna kome. Inda allurarta ta tsaya shi ne abin dubawa, da kuma kaset ɗin da ke gefenta. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, wanda ya shiga ɗakin mutum ya ga kaset na tafsirin Abubakar Gumi, ko na Ɗahiru Bauchi tare da dogon carbi da farin ƙyallen wazifa, ya san masallacin da zai same shi da asuba ba sai ya tambaya ba. An yi gidajen da wa da ƙane suka raba zaure a kan wannan.

Saura kuɗi, abin da aka fi ɓoyewa. Wuri yana da yawa da nauyi, sai dai a zuba a tulu a binne a ƙarƙashin gado. Anini da ɗari da kwabo, masu huda a tsakiya, akan zura su a igiya. Takardar kuɗi ce ta shiga cikin matashi da ƙarƙashin katifa, inda gara da gobara suka ci rabonsu. Ba mai sanin yawan abin da ke kwance a irin wuraren nan sai ranar da gwamnati ta canza kuɗi: a Janairun 1968 lokacin yaƙin basasa, a 1973 da naira ta maye gurbin fam, a Afrilun 1984 da aka ba mutane ƙasa da mako biyu, da kuma farkon 2023. Kowane karo an ga tsofaffin da ake yi wa kallon ba su da ko sisi sun fito da ƙulli, an kuma ga waɗanda labari bai kai musu da wuri ba, ko banki ya yi musu nisa, ajiyar shekaru ta zama takardar banza a hannunsu.

Tun daga 2001 da wayar hannu ta shigo, ta haɗiye agogo da tocila da rediyo da kaset, ga wasu ma har da asusu. Gidan sauro, wanda a da yake nuna mai albashi, tun da aka fara raba shi kyauta gida-gida daga 2009 ya daina nuna arziki. Abin da ya rage a duba shi ne ko an ɗaura shi a gado, ko an kai shi fadama an rufe irin tumatir da shi. Abin baƙin ciki shi ne makami ya dawo. Satar mutane don karɓar fansa, wadda ta fi tsanani a yammacin jihar, ta taɓa wannan yanki ma, kuma a watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun kashe masallata a Saya-Saya ta ƙasar Ikara. Gora da adda sun koma inda kakanni suke jingine mashi, waya kuma ba a kashe ta da dare, domin ba a san kiran da zai shigo ba.

To, ina za a sami waɗannan kaya a rubuce? A Ingila da Faransa masu tarihi sun gina ilmi mai yawa a kan takardun ƙididdigar kayan mamata na ƙarni na 16 zuwa na 18, inda aka bi gida ɗaki-ɗaki ana rubuta cokali da bargo. Makamancinsu a ƙasar Hausa shi ne rajistar rabon gado ta kotunan alƙalai. Da yake ana cire ushira daga dukiyar da kotu ta raba, dole ne a yi wa kowane abu kuɗi a rubuta. Allan Christelow ya nuna irin amfanin da ke cikin takardun shari'a da ya fassara hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, aka buga a 1994. Duk inda rajistocin kotunan Ikara da Makarfi da Kudan suka tsira daga gara da yoyon ruwa, ko a ɗakin ajiyar kotu ko a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, za su nuna shekarar da gadon ƙarfe ko agogo ko rediyo ya fara bayyana a dukiyar mutumin ƙauye, da kuɗin da aka yi masa.

Amma rajista tana da iyaka. Ba ta faɗin inda abu yake ajiye a ɗakin. In miji ne ya mutu, kayan matar ba sa shiga ciki. Abin da ba shi da kuɗi kuma, irin su mazari da alli da tsohuwar takardar haraji da katin jam'iyyar da ta mutu, ba mai rubuta shi, sharewa ake yi ranar da aka kwashe ɗakin. Waɗannan sai dai a tambayi masu su tun suna raye, tambayar kuma ta zama ta abu ɗai-ɗai: wa ya sayo shi, a wace kasuwa, a ina yake kwana, wace shekara ya bar ɗakin, me aka yi da kuɗinsa. Ɗalibar da ta fito daga Hunkuyi ko Gimi ko Paki ta fi kowane farfesa damar yin wannan aiki, domin ita ba a tsayar da ita a zaure. Yarinyar da aka yi wa jere da gado mai rumfa a 1965, tana da shekara 14 ko 15, yau ta haura 70.